Alhaji Abubakar Imam: Alƙalamin da Ya Faɗi Gaskiya da Ladabi

Ya kai ɗalibi mai karatu, wataƙila ka karanta Magana Jari Ce, ko ka ji yayanka na ba da labarin aku wazirin sarki. To, yau za ka ji tarihin mai littafin.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911, cikin gidan malamai. Ya fara da karatun allo kamar yadda kai ma ka fara, sannan ya shiga Kwalejin Katsina a 1927. Da ya gama sai ya zama malami a Midil ta Katsina, wato dai nan ƙasarmu ya yi wayo. A 1933 ya shiga gasar rubutu da littafinsa Ruwan Bagaja.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta. Ka lura, jaridar ta gwamnatin Turawa ce, akwai Bature, Dokta Rupert East, a samansa, ga kuma sarakuna suna sa ido. A shekarar ne ma Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Duk da haka ya buɗe wa masu karatu fili suna aiko da wasiƙu, suna faɗin abin da ke damunsu. An kuma riƙa fitar da 'Yar Gaskiya cikin ajami, don wanda bai yi boko ba shi ma ya samu labari.

A 1943 ya je Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Can ya gana da Lugga, tsohon gwamna, ya bayyana masa kurakuran mulkin En'e ba tare da zagi ko ashar ba.

Nan darasin yake. Batsa ita ce maganar da ke keta mutunci, wadda za ka ji kunyar faɗa a gaban mahaifiyarka. Gaskiya mai ɗaci kuwa magani ce, kada wani ya ruɗe ka ya kira ta rashin kunya don kawai ta taɓa shi.

Mu mutanen Batsari da Safana mun san zafin shiru. A 2021, da aka katse layukan waya saboda matsalar 'yan bindiga, mun yi watanni ba ma jin muryar 'yan'uwa. Yanzu da wayar ke hannunka, me kake turawa? Tambayi kanka: gaskiya ne? Zai amfani wani? Malaminka zai iya gani?

Imam ya rasu a Zariya a 1981. Allah ya jiƙansa, mu kuma ya tsare mana harsunanmu, amin.