Madam C. J. Walker: Matar da zubewar gashi ta zame mata ƙofar arziki

A ranar 25 ga watan Mayun shekara ta 1919 ne Madam C. J. Walker ta rasu a gidanta da ke garin Irvington, kusa da birnin New York na ƙasar Amurka, tana da shekaru 51 da haihuwa. Ta shafe kusan shekaru ashirin tana wankau domin ta ciyar da kanta da ɗiyarta, amma ta bar duniya tana cikin matan da suka fi kowa dukiya a tsakanin baƙar fatar Amurka. Abin da ya yi sanadin wannan sauyi kuwa shi ne wata larura da mata da dama ke ɓoyewa a ƙarƙashin ɗankwali, wato zubewar gashi.

Haihuwa da maraici

An haife ta a ranar 23 ga watan Disamban 1867 a ƙauyen Delta na jihar Louisiana, aka kuma raɗa mata suna Sarah Breedlove. Iyayenta, Owen da Minerva, sun yi bauta a gonar audugar da aka haife ta, haka ma yayyenta. Ita ce ta farko a gidan da aka haifa cikin 'yanci, bayan shelar 'yanta bayi da shugaba Abraham Lincoln ya yi a 1863.

To sai dai 'yancin bai zo da wadata ba. Tana da shekaru bakwai ta rasa uwa da uba, daga bisani ta koma hannun yayarta Louvenia a garin Vicksburg na jihar Mississippi, inda ta riƙa aikatau a gidajen mutane. Karatun da ta samu a ƙuruciya bai wuce na watanni uku ba. Ta yi aure tana da shekaru 14, kuma ita da kanta ta bayyana daga baya cewa ta yi hakan ne domin ta tsira daga azabar mijin yayarta. A 1885 ta haifi ɗiyarta tilo, Lelia, sa'annan a 1887 mijin nata, Moses McWilliams, ya mutu ya bar ta da goyo tana 'yar shekara 20.

Daga nan ne ta yi ƙaura zuwa birnin St. Louis, inda 'yan'uwanta maza ke sana'ar aski. A can ta kama wankau, kuma abin da take samu a wuni bai wuce dala ɗaya da rabi ba. Da wannan ɗan abin ta sa ɗiyarta a makaranta.

Larurar da ta same ta

A cikin shekarun 1890 ne Sarah ta fara fama da matsanancin amosanin kai da ƙaiƙayi, gashinta ya soma kakkaɓewa har fatar kai ta bayyana a wasu wurare. Ba ita kaɗai ba ce. A wancan zamani akasarin gidajen talakawan Amurka ba su da ruwan famfo ko wutar lantarki, saboda haka mutane kan daɗe ba su wanke kai ba, musamman a lokacin hunturu. Sabulun da ake samu kuwa mai kaifi ne da ke ƙona fata. Idan aka haɗa da ƙarancin abinci mai gina jiki da wahalar aiki, ba abin mamaki ba ne a ga gashi yana zubewa.

Ga mace baƙar fata a lokacin, lamarin ya wuce batun kwalliya. Kamannin mutum na daga cikin abubuwan da ake dubawa wajen ba shi aiki ko girmama shi, a ƙasar da wariyar launin fata ta yi katutu. Sarah ta gwada magunguna iri-iri na gida da na kanti, tana kuma ƙaruwa da abin da 'yan'uwanta masu aski suka sani game da fatar kai. Wajen 1904 ta zama dillaliyar Annie Turnbo Malone, wata baƙar fata da ta riga ta shiga sana'ar haɗa man gashi.

A watan Yulin 1905 ta koma birnin Denver na jihar Colorado, kana a watan Janairun 1906 ta auri Charles Joseph Walker, mai nema wa jarida tallace-tallace. Daga sunansa ne ta samo sunan da duniya ta san ta da shi. A Denver ɗin ta fara sayar da nata man, mai suna Wonderful Hair Grower. Ta sha faɗa wa jama'a cewa a mafarki aka nuna mata yadda za ta haɗa shi, kuma wasu daga cikin kayan haɗin daga Afirka ta samo su. A nata ɓangaren, Malone ta zarge ta da kwaikwayon nata man. Abin da masu tarihi suka tabbatar shi ne, ginshiƙin maganin basilin ne da farar wuta, haɗin da aka daɗe da sani wajen magance cututtukan fata.

Ko shakka babu, tsarin da ta ɗora mata a kai ya taimaka kamar yadda man ya taimaka. Ta koya musu yawaita wanke kai, da tausa fatarsa, da shafa maganin, kafin a taje gashin da matajin ƙarfe da aka ɗumama a wuta. Ana yawan cewa ita ce ta ƙirƙiro wannan mataji, amma ba haka ba ne, domin ana sayar da shi tun kafin ta shiga sana'ar. Ita dai ta nace cewa burinta shi ne warkar da fatar kai da tsirar da gashi, ba mai da gashin baƙar fata irin na Turawa ba.

Bunƙasar kasuwanci

Da farko gida-gida take bi, tana gwada maganin a kan mata a majami'u da wuraren taro, tana kuma nuna hotunanta na kafin ta warke da na bayan ta warke. A 1908 ta buɗe makarantar koyon gyaran gashi a birnin Pittsburgh, ta sa mata sunan ɗiyarta. A 1910 ta mai da cibiyar kasuwancinta Indianapolis, birnin da layukan dogo suka haɗu, inda ta gina masana'anta. Aurenta da Walker ya mutu a 1912, amma ta ci gaba da amfani da sunan. Shekara guda bayan haka ta zagaya tsibiran Karibiyan da yankin tsakiyar Amurka domin faɗaɗa kasuwa.

Ya zuwa 1917 kamfanin ya ce ya horar da mata kusan 20,000. Da yawansu masu wankau ne da 'yan aikatau, waɗanda suka sami sana'ar da ta fi wadda suka bari riba da mutunci. A wannan shekara ta tara wakilanta a babban taro a birnin Philadelphia, inda ta ba da kyaututtuka ga waɗanda suka fi ciniki, da kuma waɗanda suka fi taimakon al'ummarsu.

Duk da haka, manyan maza baƙar fata ba su karɓe ta nan da nan ba. A taron 'yan kasuwa baƙar fata da aka yi a Chicago a 1912, shugaban taron Booker T. Washington bai ba ta damar magana ba, har sai da ta miƙe da kanta ta ba da labarin tasowarta daga gonar auduga zuwa mallakar masana'anta. A taron shekarar da ta biyo baya, tana cikin waɗanda aka gayyata su yi jawabi.

Taimako da gwagwarmaya

Madam Walker ta ba da dala 1,000 domin gina cibiyar matasa baƙar fata a Indianapolis, ta kuma tallafa wa makarantu irin su Tuskegee. Bayan ta koma unguwar Harlem ta New York a 1916, sai ta tsunduma cikin fafutukar yaƙi da kisan gillar da gungun fararen fata ke yi wa baƙaƙe ba tare da shari'a ba. A 1917, bayan kashe-kashen da aka yi a East St. Louis, tana cikin tawagar da ta kai koke fadar White House, ko da yake shugaba Woodrow Wilson bai gana da su ba. Gab da rasuwarta ta yi alkawarin dala 5,000 ga asusun ƙungiyar NAACP na wannan yaƙi.

Hawan jini da ciwon ƙoda ne suka yi ajalinta, ba ta ko cika shekara biyu ba a katafaren gidanta na Villa Lewaro. An binne ta a maƙabartar Woodlawn da ke New York. An ƙiyasta dukiyar da ta bari a kan kimanin dala 600,000, ko da yake kundin Guinness ya lasafta ta a matsayin mace ta farko a Amurka da ta tara miliyan da guminta. A 1998 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki mai ɗauke da hotonta.

Abin da likitoci suka gano bayanta

Gashin Madam Walker ya dawo, kuma wannan na nuna cewa saiwar gashin nata ba ta mutu ba. Likitocin fata a yau sun raba zubewar gashi gida biyu. Akwai wadda saiwar ke nan da ranta, gashi kan sake tsirowa idan an kawar da sanadin. Akwai kuma wadda kumburi ke cinye saiwar, tabo ya maye gurbinta, fatar ta yi sumul tana sheƙi. Inda tabo ya riga ya zauna, babu man da zai tsirar da gashi.

A 1968 wasu likitoci a Amurka suka bayyana wani nau'i na wannan cuta da ke farawa daga tsakar ka yana bazuwa zuwa gefe, akasari a jikin mata baƙar fata, suka kuma ɗora laifin a kan mataji mai zafi da narkakken basilin. Amma a 1992 wani binciken ya nuna cewa cutar na kama har matan da ba sa amfani da matajin, abin da ya sa aka sauya mata suna, yanzu ana kiranta CCCA a taƙaice. A 2019 kuma masu bincike daga Isra'ila da Afirka ta Kudu da Amurka suka gano sauyi a wata ƙwayar halitta ta gado mai suna PADI3 a jikin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka duba. Ke nan gado na da hannu, yayin da zafi da sinadaran miƙar da gashi da jan gashi ke iya ƙara tsananta lamarin.

Wannan ilmi ya shafi mace a Gwandu ko Kalgo kamar yadda ya shafi ta Harlem. Kitso mai tsauri da ake yi wa yarinya tun tana ƙarama kan janye gashin goshi da na gefen kai, kuma idan aka ɗauki shekaru ana yi, wurin kan zama tabo. Makero da ke kama kan yara, idan ya kumbura ya yi ruwa aka bar shi, shi ma yakan bar sanƙo na dindindin, kuma shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi sai an haɗa da maganin sha na makonni. Maza ma ba su tsira ba, domin ƙurajen ƙeya da kan biyo bayan aski na ƙwal-ƙwal suna iya taurarewa su hana gashi fitowa.

Alamun da likitoci ke cewa kada a yi wasa da su sun haɗa da ƙaiƙayi ko zafi ko tsami a tsakar ka, da karyewar gashi a wuri guda, da fatar da ta fara sheƙi. Likita kan yanki ɗan ƙanƙanin fata a duba domin a tantance nau'in cutar, sa'annan a ba da magungunan rage kumburi na shafawa ko allura ko na sha. Manufar ita ce a tsai da cutar a ceci gashin da ya rage, shi ya sa zuwa manyan asibitocin Kalgo da Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, tun da wuri ya fi jiran man kasuwa ya yi aiki.

Kula da jiki dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu, inda Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar littafin Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jikin ɗan Adam. Madam Walker ba likita ba ce, kuma man da ta sayar ba ya warkar da tabo. Amma ta fito fili ta nuna kanta a lokacin da gashinta ya zube, ta sa dubban mata suka ɗauki larurar a matsayin cutar da ake nema wa magani. Kamfanin da ta kafa ya ci gaba da aiki har zuwa 1981, kuma ginin da aka kammala da sunanta a Indianapolis a 1927 yana nan a matsayin cibiyar raya al'adu.