Marigayi Audu Bako: gwamnan da ya tare kogin Kano

A wannan makon za mu waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, mutumin da aikinsa ya taɓa kwandon mai tumatur da faifan mai kifi.

An haife shi a Kaduna a shekarar 1924, ya kuma shiga aikin ɗan sanda a 1942. Da gwamnatin Yakubu Gowon ta ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, sai aka ba shi riƙon Kano.

Zamanin mulkinsa ya haɗu da farin da ya addabi ƙasar Hausa a farkon shekarun 1970. Ya duƙufa wajen gina madatsun ruwa, irin su Bagauda da kuma babbarsu, Tiga, wadda aka gina a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Ruwan Tiga ne ya raya noman rani a Kadawa da Kura, inda muke saro tumatur da albasa da shinkafa.

Sai dai kogi ba na mutanen sama kaɗai ba ne. Ruwan nan yana gangarawa Haɗeja da Nguru da Gashuwa, ya bi iyakar Nijar ta wajen Diffa, ƙasar tattasai, kafin ya kai Tafkin Chadi. Bayan an tare shi, ambaliyar damina da ke jiƙa fadamun can ta ragu, masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka ji a jikinsu. Daga baya ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama.

An sauke shi a juyin mulkin Yulin 1975, ya rasu a 1980. Bayan rasuwarsa ne Nijeriya da Nijar suka ƙulla yarjejeniyar Maiduguri a 1990 kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai, har da Gulbin Maraɗi, sannan dokar 1993 ta damƙa wa gwamnatin tarayya ikon duk kogin da ya ratsa jiha fiye da ɗaya.

Mu da ke cin kasuwa da amfanin sama da na ƙasa, mun fi kowa sanin cewa in za a tare ruwa, wajibi ne a ware rabon na gangare. Allah ya jiƙan Audu Bako da rahama, amin.