Likita Mila, Baturen da Ya Fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa

Walter Miller, wanda mutanen Zariya suka sani da Likita Mila, an haife shi a Ingila a shekarar 1872. Ya karanta aikin likita a Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya zo ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ta Libiya ya koyi Hausa wajen fatake da mahajjata.

A shekarar 1900 shi da abokan tafiyarsa suka iso Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Daga baya ya samu wurin zama a birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Su ne aka mayar Wusasa bayan wasu shekaru.

Babban aikinsa shi ne fassara Littafi Mai Tsarki, wato Baibul na Kirista. Kafin shi wani Bajamushe mai suna Schön ya fassara wasu sassa da taimakon wani yaro Bahaushe, Dorugu, amma shi bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Mila kuwa ya zauna cikin Hausawa, ya yi shekaru yana aikin tare da wasu 'yan mishan da Hausawa masu taimaka masa. A 1932 aka buga littafin gaba ɗaya.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Asalin littafin yawancinsa da Ibrananci da Girkanci yake, kuma kalma ɗaya tana iya juya ma'anar aya. Misali, an yi amfani da sunan Allah, yadda kowane Bahaushe ke faɗi, kuma har yau akwai Kiristocin da ke muhawara a kan haka. A 1979 aka fito da sabuwar fassara, duk da haka wasu sun fi son tsohuwar.

Mila ya rasu a 1952 a Bukuru, kusa da Jos.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, ko Musulmi ne mu ko Kirista, akwai darasi a nan. Fassara amana ce. Idan malam ya ba mu jimla mu mayar da ita Hausa, kada mu yi gaggawa. Mu tambaya, mu tabbatar, don wanda zai karanta ya dogara da mu.

Daga ɗan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida