Joseph Pilates: Baƙon Da Ya Bar Wa Iyayenmu Mata Gadon Lafiya

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu kawo muku labarin wani Bajamushe ne mai suna Joseph Pilates. Dalili kuwa shi ne, a kusan kowane gida a nan unguwarmu akwai uwa ko gwaggo da ta kai shekarun ɗaukewar al'ada, tana fama da ciwon baya da rashin barci, amma kunya ta hana ta faɗa. To, wannan mutum ya bar wani abu da zai amfane ta, kuma ba sai ta kashe ko kwabo ba.

An haifi Joseph Pilates ranar 9 ga Disamba, 1883, a garin Mönchengladbach na ƙasar Jamus. Mahaifinsa gwanin wasannin motsa jiki ne, amma shi yaron ya taso ba shi da ƙoshin lafiya. An ce ya yi fama da asma, da laushin ƙashi, da zazzaɓin nan mai kama gaɓoɓi. Maimakon ya miƙa wuya, sai ya duƙufa wajen horar da jikinsa, ya koyi dambe da sauran wasannin ƙarfi, har ya zama ƙaƙƙarfan saurayi.

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tafi Ingila neman abinci, kamar dai yadda kakanninmu suka baro Arewa suka zo nan. A can ya yi dambe, ya kuma yi wasannin nuna bajinta a gaban 'yan kallo. Da yaƙi ya ɓarke a 1914 tsakanin Ingila da Jamus, sai baƙunci ya zame masa laifi. Hukuma ta tattara Jamusawan da ke zaune a ƙasar ta tsare su. Aka fara ajiye shi a Lancaster, daga baya aka kai shi sansanin Knockaloe da ke tsibirin Man, wanda ke cikin teku tsakanin Ingila da Ayalan.

A wannan sansani ne fa abin da ya sa muke tuna shi yau ya yi saiwa. Dubban maza ne a killace, ba aiki, ba fili, jiki yana mutuwa. Pilates ya shiga koya musu motsa jiki a kwance a ƙasa, ba tare da wani kayan aiki ba, ana haɗa kowane motsi da jan numfashi da saukar da shi. Almajiransa suna ba da labarin cewa har sifirin ɗin gado ya riƙa ɗaura wa marasa lafiya, su riƙa ja suna saki daga kwance. Na'urar da ya ƙera daga baya, wadda ake kira Reformer, da ƙarfin sifirin take aiki har yau.

Bayan yaƙi ya koma Jamus, ya zauna a Hamburg yana horar da mutane. A tsakiyar shekarun 1920 kuma ya sake ɗaura kaya sai Amurka. A cikin jirgin ruwa ya haɗu da wata mata mai suna Clara, wadda ta zama abokiyar zamansa da aikinsa har ƙarshen ransa. Suka buɗe ɗakin horo a gida mai lamba 939 a titin Eighth Avenue na birnin New York. Waɗanda suka fara cika wurin su ne masu sana'ar rawa da suka ji rauni, domin manyan malaman rawa irin su George Balanchine da Martha Graham suna tura masa mutanensu.

Shi da kansa ya raɗa wa hanyar tasa suna Contrology, wato sanin sarrafa jiki da hankali. Ya rubuta littattafai biyu, Your Health a 1934, da Return to Life Through Contrology a 1945, inda ya jera motsi 34 da ake yi a kan shimfiɗa. Ya mutu ranar 9 ga Oktoba, 1967, yana da shekara 83, sunansa bai bazu ba tukuna. Clara ta ci gaba da riƙe wurin, ita ma ta mutu a 1977. Almajiransu, musamman Romana Kryzanowska, su suka yaɗa aikin. A shekara ta 2000 wata kotun Amurka ta yanke hukuncin cewa sunan Pilates ba mallakar wani kamfani ba ne, suna ne na nau'in motsa jiki da kowa ke da ikon koyarwa.

To, ina ruwan iyayenmu da wannan labari? Yawancin mata al'ada kan ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma likitoci kan tabbatar da haka idan an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. A lokacin ne sinadarin istirojin yake raguwa a jiki. Daga nan ƙashi ya fara rage ƙwari, tsoka ta rage ƙarfi, zafi ya riƙa taso wa mace ba zato, gumi ya tashe ta cikin dare. Wata kuma da ta yi tari ko atishawa sai fitsari ya ɗigo mata, abin ya dame ta wajen tsarki da salla.

Hanyar Pilates ta fi mayar da hankali ne ga tsokar ciki da ta baya da ta ƙugu, da naman da ke tallafe da mafitsara, wato daidai wuraren da suke yin rauni a waɗannan shekaru. Mai yin ta a kai a kai takan samu sauƙin ciwon baya, tsayuwarta ta daidaita, ta rage haɗarin faɗuwa, wanda shi ne ke jawo karayar ƙugu ga tsofaffi. Numfashin da ake ja a natse kuma yana kwantar da hankali, yana taimakawa wajen barci. Ga misali ɗaya mai sauƙi: ki shimfiɗa tabarma a ɗakinki, ki kwanta rigingine, ki naɗe gwiwoyi tafin ƙafa na ƙasa. Ki ja numfashi, sannan ki ɗaga ƙugu sama a hankali kina fitar da shi, ki sauko sannu. Ki maimaita kamar sau takwas.

Amma fa a faɗi gaskiya, wannan ba magani ba ne. Ba zai mayar da sinadarin da ya ragu ba, kuma kada a dogara da shi wajen kawar da zafin jikin nan. Wadda likita ya ce ƙashinta ya yi rauni, ta guji motsin da ake tanƙwara baya gaba da ƙarfi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ta fara jin shawarar likita. Wadda kuma ta ga jini bayan al'ada ta riga ta ɗauke, ta garzaya asibiti, ba tabarma ba.

Maza kuma, ku ji tsoron Allah ku daina cewa Hajiya ta cika faɗa ko raki. Canji ne na halitta, haƙuri da kulawarku take bukata. Mutumin da muka ba da labarinsa ya soma wannan aiki ne yana tsare a ƙasar da ba tasa ba, da ɗan wurin kwanciya kawai. Iyayenmu ma wurin da suke bukata bai wuce faɗin tabarma ba.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.