Dag Hammarskjold: Rayuwarsa da Gwagwarmayarsa a Yaƙin Basasar Kwango

Gabatarwa

Dag Hammarskjold, wanda ake faɗin sunansa Hamashol, shi ne mutum na biyu da ya riƙe muƙamin Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya hau wannan kujera cikin shekarar 1953, ya kuma rasu yana kanta cikin 1961 a wani haɗarin jirgin sama a tsakiyar Afirka, sa'ad da yake kan hanyar zuwa neman sulhu a yaƙin basasar ƙasar Kwango. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa a taƙaice, sa'an nan ta tsaya a kan matsalar da ta cinye watanni goma sha huɗu na ƙarshen rayuwarsa, watau yadda ƙasashen duniya za su kare rayuka da haƙƙin mutane a ƙasar da 'ya'yanta ke yaƙar juna, ba tare da sun ƙwace mata ikon mulkin kanta ba.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Hamashol ran 29 ga watan Yuli, 1905, a garin Jonkoping na ƙasar Suwidin. Shi ne auta cikin 'ya'ya maza huɗu. Mahaifinsa, Hjalmar, masanin shari'a ne, ya kuma yi Firayim Ministan Suwidin daga 1914 zuwa 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ƙasar ba ta shiga ba. Ya daɗe yana gwamnan lardin Uppsala, kuma a tsohuwar fadar wannan birni ce Dag ya tashi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dag ya shiga Jami'ar Uppsala ya karanci adabi da falsafa da tattalin arziki da shari'a, daga bisani ya sami digirin digirgir a fannin tattalin arziki a Stockholm. Tun yana ɗan shekara talatin da ɗaya aka naɗa shi babban sakatare a ma'aikatar kuɗi, ya kuma shugabanci hukumar babban bankin ƙasar daga 1941 zuwa 1948. Bayan haka ya koma ma'aikatar harkokin waje, har ya zama minista cikin 1951. Duk tsawon wannan lokaci bai taɓa shiga wata jam'iyyar siyasa ba, domin ya ɗauki kansa ma'aikacin gwamnati ne wanda bai kamata ya karkata ga wani ɓangare ba. Wannan aƙida ce ya tafi da ita Majalisar Ɗinkin Duniya.

Zamansa Babban Sakatare

Cikin watan Nuwamba, 1952, Trygve Lie na ƙasar Norway ya ajiye muƙamin Babban Sakatare, bayan Rasha ta daina hulɗa da shi saboda yaƙin Koriya. Manyan ƙasashe suka shiga neman mutum mai sanyin hali wanda ba zai tsole wa kowa ido ba, suka dace a kan Hamashol, aka rantsar da shi cikin watan Afrilu, 1953. Ba a daɗe ba aka gane cewa shiru-shirunsa ba tsoro ba ne. Cikin 1955 ya tafi birnin Sin da kansa ya gana da Firayim Minista Zhou Enlai, kuma a wannan shekara aka saki mayaƙan saman Amurka da ake tsare da su tun yaƙin Koriya. Cikin 1956, da Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar hari a kan mashigin Suwes, shi ne ya tsara rundunar kiyaye zaman lafiya ta farko mai ɗauke da makamai, tare da Lester Pearson na Kanada. Aka sake zaɓensa cikin 1957.

To, amma rikicin Suwes faɗa ne tsakanin ƙasa da ƙasa. Faɗan cikin gida shi ne mai wuyar sha'ani, saboda Kundin Tsarin Majalisar ya hana ta tsoma baki cikin harkokin da suka keɓanta ga wata ƙasa. A ɗaya gefen kuma, Majalisar ce ta amince da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam cikin 1948, sa'an nan Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 suka tanadi sashe na uku, wanda ya haramta kashe ko azabtar da wanda ba ya ɗauke da makami ko da a yaƙin basasa ne. Yadda za a haɗa waɗannan ƙa'idoji biyu shi ne jarrabawar da ta jira shi a Kwango.

Ɓarkewar Rikicin Kwango

Kwango ta sami 'yancin kai daga Beljiyam ran 30 ga Yuni, 1960, Joseph Kasavubu yana shugaban ƙasa, Patrice Lumumba kuma Firayim Minista. Turawan mulkin mallaka ba su shirya 'yan ƙasa don riƙe mulki ba. A ranar 'yanci babu hafsan soja baƙar fata ko ɗaya, babu kuma cikakken likita ɗan ƙasa. Kwana biyar kacal bayan bikin, sojoji suka yi bore ga hafsoshinsu Turawa. Beljiyam ta sauke sojojinta da sunan kare mutanenta, kuma ran 11 ga Yuli Moise Tshombe ya yi shelar ɓallewar lardin Katanga mai arzikin tagulla, da goyon bayan kamfanonin haƙar ma'adinai na Turawa.

Kasavubu da Lumumba suka nemi taimakon Majalisa. Hamashol ya yi amfani da ikon da sashe na 99 na Kundin ya ba shi, ya kira taron Kwamitin Sulhu, aka zartar da ƙuduri ran 14 ga Yuli. Washegari sojojin farko suka fara sauka a Leopoldville, wadda ake kira Kinshasa yanzu. Ya nace a kan cewa ƙasashen Afirka su kasance ƙashin bayan rundunar, kamar Gana da Tunisiya da Maroko da Habasha, kada kuma a sa sojojin manyan ƙasashe. A ƙarshe yawan rundunar ya kai kusan 20,000. Nijeriya ma, wadda ta shiga Majalisar ran 7 ga Oktoba, 1960, ta aika sojoji da 'yan sanda, kuma Jaja Wachuku ne ya shugabanci kwamitin sasantawa da Majalisar ta tura Kwango. Daga baya, cikin 1964, Aguiyi Ironsi ya zama kwamandan rundunar baki ɗaya.

Ƙa'idojin da Hamashol ya gindaya wa rundunar su ne kada ta buɗe wuta sai don kare kanta, kada kuma ta goyi bayan wani ɓangare a rigimar siyasar cikin gida. A nan ne suka saɓa da Lumumba. Shi Lumumba yana ganin tun da gwamnatinsa ce ta gayyato rundunar, wajibi ne ta murƙushe masa Katanga, musamman da yake hannun baƙi ne ya kafa ta. Hamashol kuwa ya shiga Katanga da kansa ran 12 ga Agusta tare da sojojin Suwidin don a sami hanyar fitar da sojojin Beljiyam ta lalama, bai kuma tafi da wakilin gwamnatin tsakiya ba. Wannan ya fusata Lumumba ƙwarai, ya juya wajen Rasha, ta ba shi jiragen sama da manyan motoci.

Kisan Baluba da Makomar Lumumba

A ƙarshen Agusta sojojin gwamnatin tsakiya suka shiga Kasai ta Kudu, inda Albert Kalonji shi ma ya yi shelar ɓallewa. A garin Bakwanga da kewaye suka karkashe fararen hula 'yan ƙabilar Baluba masu yawa, har da mata da yara. Hamashol ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa wannan ta'asa tana da alamun kisan ƙare dangi, ya kuma nuna cewa ƙa'idar rashin tsoma baki ba za ta zama hujjar da sojojin Majalisa za su tsaya suna kallo ana yanka bayin Allah ba. Wannan matsayi yana da muhimmanci a tarihi, domin ya sa kare farar hula cikin nauyin da ke kan rundunar duniya ko da gwamnatin ƙasar ce ke aikata laifin. Da yunwa ta biyo bayan yaƙin a Kasai, hukumomin Majalisa da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka yi jigilar abinci da magani suka ceci rayuka da dama. Haka kuma cikin 1961 dubun-dubatar Baluba suka fake a wani sansani kusa da Elisabethville, watau Lubumbashi ta yanzu, a ƙarƙashin tsaron sojojin Majalisa.

Sai dai ƙa'idar da ta kare Baluba ba ta kare Lumumba ba. Ran 5 ga Satumba Kasavubu ya ce ya tuɓe shi, jami'an Majalisa a Leopoldville kuma suka rufe gidan rediyo da filayen jiragen sama da sunan hana tarzoma, matakin da Lumumba ne ya fi cutuwa da shi. Ran 14 ga wata Kanar Mobutu ya ƙwace mulki. Sojojin Majalisa suka yi ta gadin Lumumba a gidansa, na Mobutu kuma suka kewaye su. A ƙarshen Nuwamba ya sulale ya nufi Stanleyville wajen magoya bayansa, aka kama shi a hanya, sojojin Majalisa da ke yankin ba su ƙwace shi ba, bisa hujjar cewa ba su da izinin shiga tsakanin hukumar ƙasa da wanda ta kama. Hamashol ya rubuta wa Kasavubu yana neman a bi doka, a kuma bar Red Cross ta duba shi, amma wasiƙa ba ta buɗe ƙofar kurkuku ba. Ran 17 ga Janairu, 1961, aka kai Lumumba Katanga, aka harbe shi a daren tare da Maurice Mpolo da Joseph Okito. Cikin 2002 gwamnatin Beljiyam ta nemi gafara a kan hannun da take da shi cikin wannan kisa.

Hamashol ya shiga halin gaba kura baya sayaki. Tun cikin Satumba, 1960, Khrushchev na Rasha ya nemi ya sauka a maye gurbinsa da mutum uku, shi kuwa ya ƙi, yana mai cewa ƙananan ƙasashe ne ke bukatar kariyar Majalisa, muddin kuma suna son ya zauna zai zauna. Bayan kashe Lumumba sai Rasha ta daina amincewa da shi ɗungurungum, wasu ƙasashen Afirka kamar Gini da Maroko da Masar suka janye sojojinsu. Beljiyam da Faransa kuma suna zarginsa da takura wa Katanga. Ran 21 ga Fabrairu, 1961, Kwamitin Sulhu ya ba rundunar izinin amfani da ƙarfi in babu wata mafita, don hana yaƙin basasa yaɗuwa.

Rasuwarsa

Cikin Agusta, 1961, majalisar dokokin Kwango ta zauna ƙarƙashin tsaron sojojin duniya, aka kafa gwamnatin haɗin kai ta Cyrille Adoula. Saura Katanga, wadda ta dogara da sojojin haya Turawa. Ran 13 ga Satumba faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Majalisa da na Tshombe. Hamashol, wanda ya iso Leopoldville a ranar, ya yanke shawarar ya gana da Tshombe ido da ido a Ndola, cikin Rodeshiya ta Arewa, watau Zambiya ta yanzu. Jirginsa ya tashi da yammacin 17 ga Satumba, ya faɗi a daji kusa da Ndola bayan tsakar dare. Mutum goma sha shida ne a ciki, ɗaya kaɗai aka samu da rai, shi ma ya cika bayan 'yan kwanaki. An binne Hamashol a Uppsala, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a wannan shekara bayan rasuwarsa. Bai taɓa aure ba.

Binciken hukumomin Rodeshiya ya ɗora laifin a kan matuƙan jirgin, na Majalisa kuma cikin 1962 bai yanke hukunci ba. Cikin 2017 Mohamed Chande Othman, tsohon Alƙalin Alƙalan Tanzaniya, wanda Majalisa ta ɗora wa sabon bincike, ya ba da rahoton cewa mai yiwuwa ne hari ko barazana daga waje ce ta jawo faɗuwar jirgin. U Thant na ƙasar Bama ne ya gaje shi, kuma a zamaninsa aka kawo ƙarshen ɓallewar Katanga da ƙarfin soja cikin Janairu, 1963.

Kammalawa

Masana tarihi sun rabu a kan aikin Hamashol a Kwango. Masu yabonsa suna nuni da cewa ƙasar ba ta wargaje ba, Amurka da Rasha ba su gwabza da sojojinsu a cikinta ba, likitoci da malamai da abincin agaji kuma sun isa wuraren da gwamnati ta gaza. Masu sukarsa, musamman a Afirka, suna ganin ya yi wa Lumumba mummunar fahimta, kuma 'yan-ba-ruwancin da ya riƙe ya amfani masu ƙarfi a kan zaɓaɓɓen Firayim Minista. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yar ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, shi ne Babban Sakatare na farko da ya fuskanci wannan tambaya da sojoji a hannunsa, ya kuma kafa cewa ikon ƙasa a kan harkokinta bai haɗa da ikon hallaka talakawanta ba. Matsalar ta sake tasowa a Ruwanda cikin 1994 da Srebrenica cikin 1995, inda aka karkashe jama'a alhali sojojin Majalisa suna ƙasar, har ta kai cikin 1999 Kwamitin Sulhu ya fara rubuta kare farar hula ƙarara cikin umarnin da yake ba rundunoninsa, aka soma da ta ƙasar Saliyo.