Gustav Steinmann (1856–1929): Masanin da Ya Bi Sawun Teku a Kan Tsaunuka

1.0 Gabatarwa

A tsaunukan Alps na ƙasar Suwizalan, da kuma tsaunukan Apenin na arewacin Italiya, akwai wurare masu yawa da ake tarar da wasu duwatsu iri uku a haɗe. Na farko kore ne mai duhu da santsi. Na biyu baƙi ne mai dunƙule-dunƙule, kamar an jibge matasan kai bisa juna. Na uku kuwa ja ne mai tauri, wanda ya kwanta falle-falle. A yau masana ilimin duwatsu sun yi ittifaƙi cewa waɗannan duwatsu guntayen ƙasan wani teku ne da ya shuɗe, waɗanda motsin ƙasa ya cicciɓa ya ɗora a kan nahiya. Ana kiran irin wannan tarin duwatsu da suna ofiyolayit.

Darajar waɗannan guntaye ga ilimi babba ce. Shekarun duniya sun kai kimanin biliyan 4.5, amma kusan dukkan ƙasan tekunan yau bai kai shekara miliyan 200 ba, domin tsohon yakan nutse ya koma cikin ƙasa yayin da sabo ke fitowa a wani wuri. Saboda haka duk mai son sanin yadda tekunan da suka gabata suke, a kan tudu zai nemo su. Sunan da aka fi dangantawa da buɗe wannan hanya shi ne na Gustav Steinmann, wani masani Bajamushe. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwarsa, da abin da ya gani a duwatsu, da yadda ganin nasa ya tsaya daram bayan bayanin da ya yi masa ya rushe.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Steinmann ranar 9 ga Afrilu, 1856 a birnin Braunschweig da ke arewacin Jamus. A nan ya fara karatu, daga baya ya wuce Jami'ar Munik, inda ya zauna a gaban Karl Alfred von Zittel, ɗaya daga cikin manyan masanan wancan zamani a fannin burbushin halittu, wato sauran jikin dabbobi da tsirrai na dā da suka zama dutse. Ya sami digirin digirgir a 1877 yana ɗan shekara 21, da bincike a kan burbushin wasu ƙananan halittun teku. Daga nan ya koma Strasbourg, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Jamus, ya zama mataimaki ga Farfesa Ernst Wilhelm Benecke. A 1880 ya sami izinin koyarwa a jami'a, bayan ya yi nazarin burbushin halittun da aka kawo daga Caracoles a hamadar Atakama ta Kudancin Amurka.

Wannan horo na farko ya yi tasiri a duk rayuwarsa. Ya saba da duba dutse domin neman halittun da ke cikinsa, tare da tambayar wane irin ruwa suka rayu a ciki, kuma a wane zurfi. Da wannan ido ne daga baya ya kalli duwatsun da sauran masana ke duban sinadarinsu kawai.

3.0 Tafiye-Tafiyen Kudancin Amurka

A 1882 Jamus ta tura ayarin masana taurari zuwa Punta Arenas, a ƙarshen kudancin ƙasar Cile, domin su kalli giftawar tauraruwar Zara ta gaban rana a watan Disamba na shekarar. Steinmann ya bi ayarin a matsayin masanin duwatsu. Da aikin ya ƙare bai koma gida ba. Ya ci gaba da zagaya Cile da Bolibiya har zuwa 1884. Ya sake komawa nahiyar daga 1903 zuwa 1904, sannan a 1908.

Tsaunukan Andes sun zama rabin aikin rayuwarsa. Ya tara samfuran duwatsu da burbushin halittu masu ɗimbin yawa, waɗanda ɗalibansa suka yi shekaru suna nazari a kansu. Littafinsa a kan duwatsun ƙasar Peru ya fito a 1929, shekarar rasuwarsa. A ciki ya kasa tashin tsaunukan zuwa manyan zanguna uku na matsewar ƙasa, ya kira su zangon Peru da zangon Inka da zangon Kecuwa. Har yau masu nazarin Andes suna amfani da waɗannan sunaye.

4.0 Freiburg da Rikicin Tsaunukan Alps

Bayan ɗan gajeren zama a Jena daga 1885, an naɗa shi farfesa a Jami'ar Freiburg a 1886, ya kuma shekara 20 a can. A shekarar ce ya auri Adelheid Holtzmann, wadda ta shahara wajen fafutukar buɗe wa mata ƙofar jami'a. Steinmann ya shugabanci jami'ar a zangon 1899 zuwa 1900, kuma a 1900 ne jihar Baden, inda Freiburg take, ta zama ta farko a Jamus da ta amince a yi wa mata cikakkiyar rajista a jami'o'inta.

Freiburg ba ta da nisa da iyakar Suwizalan, don haka ya riƙa kai ɗalibansa yankin Graubünden, musamman kewayen Arosa da Davos. A lokacin ana tafka muhawara a kan yadda Alps suka ginu. Bafaranshe Marcel Bertrand a 1884, da Hans Schardt na Suwizalan a 1893, da Maurice Lugeon a 1902, sun nuna cewa tsaunukan shimfiɗu ne na dutse masu kauri, waɗanda aka turo daga kudu tsawon kilomita masu yawa, aka ɗora wani kan wani. A wata maƙala ta 1905 Steinmann ya rungumi wannan ra'ayi, ya kuma yi amfani da shi a gabashin Alps, daga baya kuma a tsaunukan Apenin. Idan kuwa duwatsu sun yi irin wannan doguwar tafiya, to wurin da aka same su ba shi ne wurin da suka samu ba. Ke nan dole a tambayi asalinsu.

5.0 Duwatsu Uku

Kalmar ofiyolayit ta girmi Steinmann. Masanin Faransa Alexandre Brongniart ne ya ƙirƙire ta a 1813 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin maciji da dutse, saboda koren dutsen yana kama da fatar maciji. Abin da Steinmann ya yi shi ne mayar da kalmar daga sunan dutse guda zuwa sunan tarin duwatsu masu dangantaka, tare da nacewa cewa jan dutsen da ke raka su shi ne mabuɗin sirrinsu.

Koren dutsen, wato safentinayit, asalinsa wani dutse ne mai nauyi, mai yawan sinadarin maganiziyam da ƙarfe, wanda ruwa ya shige shi ya sauya shi. Baƙin dutsen narkakken dutse ne da ya daskare. Masana sun tabbatar daga baya cewa siffar matashin kai tana samuwa ne idan ya kwarara cikin ruwa, bayansa ya huce nan take alhali cikinsa yana tafasa. Jan dutsen kuwa, radiyolarayit, tarin ƙwarangwal ne na wasu halittun teku da ido ba ya iya gani, waɗanda ke gina jikinsu da silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi.

Hujjar Steinmann ta fito ne daga binciken jirgin ruwan Ingila mai suna Challenger, wanda ya zagaya tekunan duniya daga 1872 zuwa 1876. Binciken ya nuna cewa a wurare masu zurfin da ya haura kimanin mita 4,000, ɓawon halittu masu sinadarin alli yakan narke kafin ya taru, sai laka ja da ƙwarangwal na silika su rage. Steinmann ya lura cewa jan dutsen Alps da Apenin ba shi da alli, ya kuma ƙunshi irin waɗannan halittu. Ya yanke hukunci cewa a can ƙasan teku mai zurfi ya kwanta, haka ma duwatsun da ke tare da shi. Kamar yadda matafiyi kan ga duwatsu uku a jere da toka a tsakaninsu ya san an taɓa kafa murhu a wurin, haka ya karanta teku daga haɗuwar waɗannan uku.

Wannan magana ta ci karo da ra'ayin da ya yi ƙarfi a lokacin. John Murray, wanda tare da Alphonse Renard ya wallafa rahoton Challenger a kan lakar ƙasan teku a 1891, yana cikin masu ganin cewa manyan tekuna da nahiyoyi suna inda suke tun fil azal, don haka ba za a sami lakar teku mai zurfi a kan tudu ba. Steinmann ya tsaya kan abin da duwatsun suka nuna masa, domin gani ya kori ji. Ya taƙaita dukkan bincikensa a cikin takardar da ya gabatar ga taron masana duwatsu na duniya karo na 14 da aka yi a Madrid a 1926, wadda aka buga a 1927.

Sai dai bayanin da ya bayar game da yadda abin ya faru bai ɗore ba. A ganinsa, narkakken dutse ne ya taso daga ƙasa ya kutsa cikin lakar da ta riga ta kwanta a tsakiyar wani dogon kwari na teku, ya rarrabu zuwa nau'o'i yayin da yake hucewa. Wato a wurinsa koren dutse da baƙin ƙannen jan dutse ne. Binciken baya ya nuna akasin haka: su ne daɓen da jan dutsen ya kwanta a kai.

6.0 Shekarun Bonn

A 1906 ya koma Jami'ar Bonn, inda ya sa aka gina sabuwar cibiyar nazarin duwatsu da burbushin halittu, wadda aka buɗe a 1911. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana duwatsu ta Geologische Vereinigung a 1910, kuma yana cikin editocin farko na mujallarta, Geologische Rundschau. A wannan mujalla ce Alfred Wegener ya buga ɗaya daga cikin maƙalunsa na farko a 1912, inda ya ce nahiyoyi suna tafiya.

Steinmann mutum ne mai ƙarfin hali wajen faɗin ra'ayi, kuma wannan hali bai kai shi ga nasara a ko'ina ba. A wani littafi na 1908 a kan sauyawar halittu, ya yi iƙirarin cewa galibin zuriyoyin dabbobin dā ba su ƙare ba, siffa kawai suka sauya, har ya danganta wasu dabbobin teku masu shayarwa da manyan ƙadangarun teku na dā. Takwarorinsa sun yi watsi da wannan ra'ayi tun yana raye. Ya yi ritaya a 1924, matarsa ta rasu a 1925, shi kuma ya rasu a Bonn ranar 7 ga Oktoba, 1929.

7.0 Bayan Rasuwarsa

Daga shekarun 1950 masana masu rubutu da Ingilishi suka fara kiran haɗuwar duwatsun da Ukun Steinmann. Amma sai a shekarun 1960 aka sami mahallin da ya dace da su. A 1962 Ba'amurke Harry Hess ya bayyana cewa ƙasan teku yana samuwa ne a wasu dogayen tsaunuka na ƙarƙashin ruwa, yana bajewa hagu da dama. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews suka kawo hujjar maganaɗisun duwatsu da ta goyi bayan haka. A 1968 Ian Gass ya kawo ra'ayin cewa tsaunin Troodos na tsibirin Kubrus, wanda tun zamanin dā ake haƙar jan ƙarfe a gefensa, guntun ƙasan teku ne. A 1971 Eldridge Moores da Vine suka nuna cewa dubban bangayen dutse da ke tsaye a tsaunin, kowanne ya kutsa cikin ɗan'uwansa, shaida ce ta wannan bajewa.

Taron Penrose na 1972 ya tsayar da ma'anar ofiyolayit a matsayin jeri daga ƙasa zuwa sama: dutsen mantil, wato ɓangaren duniya da ke ƙarƙashin ɓawonta, sai dutsen gabro mai manyan ƙwayoyi, sai bangaye, sai matasan kai. Wannan jeri ya yi daidai da Troodos da kuma tsaunukan Oman, inda guntun ƙasan teku mai kimanin shekara miliyan 95 ya miƙe tsawon ɗaruruwan kilomita a kan gefen yankin Larabawa. Amma bai yi daidai da Alps da Apenin ba, inda bangayen suka yi ƙaranci, ake kuma samun matasan kai da jan dutse kwance kai tsaye a kan koren dutse. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin ɓarnar da turin tsaunuka ya yi.

Haƙar ƙasan teku da aka yi a yammacin gaɓar Sifen da Fotugal a shekarun 1980 da 1990 ta sauya wannan fahimta. An tarar cewa inda nahiya ta tsage a hankali kuma narkakken dutse ya yi ƙaranci, dutsen mantil kansa yakan fito fili a ƙasan teku, ruwa ya mayar da shi safentinayit, laka ta kwanta a kansa. Ke nan jerin da Steinmann ya gani a Graubünden da Liguriya shi ne ainihin siffar wani reshe na tekun Tetis, wanda ya buɗe tsakanin Turai da wani ɓangaren da ke haɗe da Afirka kimanin shekara miliyan 165 da suka wuce, ya kuma rufe yayin da suka matso juna.

8.0 Kammalawa

Steinmann ya rasu shekara 33 kafin maƙalar Hess ta fito, kuma bai taɓa kiran duwatsun nan ɓawon teku da ma'anar da ake nufi a yau ba. Ra'ayinsa na kutsen narkakken dutse ya wuce, haka ma ra'ayinsa a kan zuriyoyin dabbobi. Abin da ya rage shi ne bayanin da ya rubuta na abin da ke kwance a kan wane, da hukuncinsa cewa wurin teku ne mai zurfi. A 1938 ƙungiyar da ya taimaka aka kafa ta fara bayar da lambar yabo mai ɗauke da sunansa. A 2003 kuma an buga fassarar Ingilishi ta takardarsa ta 1927, domin masu nazarin ƙasan teku na wannan zamani su karanta ta kai tsaye.