Alhaji Alhassan Ɗantata: Attajirin da Ya Gina Kasuwancinsa a Kan Amana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

'Yan uwa, da yawa daga cikinmu a nan unguwar Paris-Congo da sauran unguwannin Injamena muna da ɗan shago, ko garejin gyaran mota, ko wurin ɗinki, ko gidan burodi, da yara biyu ko biyar a ƙarƙashinmu. Wasu kuma su ne yaran. Ƙorafin da ake ji kullum iri biyu ne: maigida na cewa yaran yanzu ba amana, yaro na cewa maigida ya danne masa haƙƙi. A ƙarshe shago ya mutu, zumunci ya lalace. Shi ya sa muka ɗauko tarihin wani bawan Allah da ya fara da hannu wofi, ya kuma bar gidan kasuwanci da ya rayu bayansa, domin mu ga yadda ya zauna da mutanensa.

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, ɗaya ne daga cikin fataken Agalawa masu kai kaya Gwanja su dawo da goro. Alhassan na ƙaramin yaro mahaifin ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Ta tafi Akara ta ƙasar Gana ta yau, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka samo laƙabin Ɗantata, wanda har yau zuriyarsa ke amsawa.

Ya yi karatun allo a Bebeji, ya ɗanɗana rayuwar almajirci, yana aiki domin ya ci ya sa sutura. A nan ya koyi adashin kansa, wato ajiye ɗan abin da ya samu a asusu. Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, Agalawa na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. An kama Alhassan, sai ta hanyar fansa ya kuɓuta. Wanda ya san maraici da yunwa da zama a hannun wasu, ba sai an gaya masa halin da na ƙasa ke ciki ba.

Bayan ƙura ta lafa ya kama sana'ar iyayensa ta fataucin goro. Yana cikin 'yan kasuwar Arewa na farko da suka gane amfanin jirgin ruwa, yana ɗauko goro daga gaɓar tekun Gana zuwa Legas maimakon a kwashe watanni a hanya da jakuna. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka shiga neman 'yan ƙasa da manoma suka yarda da su. A 1918 Kamfanin Neja ya nemi Ɗantata ya riƙa sayo masa gyaɗa. Daga baya ya zama babban mai kawo wa kamfanin UAC gyaɗa, har sunansa ya haɗu da dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita.

A nan ne darasin farko yake. Gyaɗa ba a Kano take ba, tana ƙauyuka. Dole maigida ya danƙa wa yaransa kuɗi masu yawa su shiga karkara, su yi kwanaki ba ya ganinsu, babu waya, babu mai sa musu ido. Wannan shi ne tsarin da fataken Hausa suka gada: maigida ya ba da jari, yaro ya kawo kaya, a yi lissafi, kowa ya san rabonsa, idan yaro ya nuna gaskiya a ƙara masa jari har ya tsaya da ƙafarsa. Irin wannan tsari ba ya ɗorewa idan maigida na tauye mudu ko yana cin guminsu, domin yaro abin da ya ga maigidansa na yi wa manomi shi zai yi wa maigidan. Alƙur'ani ya keɓe sura guda, Suratul Muɗaffifina, ya buɗe ta da narko a kan masu tauye awo. Mai shagon da ke umartar yaronsa ya rage mudu ko ya ɓoye aibin kaya, da hannunsa ya koya masa sata.

Darasi na biyu shi ne zamansa da ma'aikata. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa duk da dukiyarsa mutum ne mai tsimi da sauƙin kai, ba ya son almubazzaranci, yana aiki tuƙuru, kuma yakan ci abinci tare da ma'aikatansa. Wani zai ga wannan ƙaramin abu ne, amma a bakin akushi maigida ke jin abin da ba zai ji a bayan teburi ba: wane ne matarsa ba lafiya, wane ne bashi ya sha masa kai, wane ne aka zalunta ya yi shiru. Annabi (SAW) ya yi umarni da a ciyar da na ƙarƙashi daga abin da ake ci, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma kwaɗaitar da biyan ɗan ƙwadago ladarsa ba tare da jinkiri ba.

Darasi na uku ya shafi tsabtar dukiya. A 1929, da bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. Saboda addininsa bai karɓi kuɗin ruwa a kan ajiyar ba. Ya yi hulɗa da Turawa shekara da shekaru, ya je aikin Hajji ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920, ya bi ta Ingila a wannan tafiya, amma bai bar abin da ya yi imani da shi ba domin riba. Ma'aikaci da ya ga maigidansa ya ƙi haram alhali babu mai hana shi, zai ji kunyar taɓa abin da ba nasa ba.

Darasi na huɗu ya bayyana a ƙarshen rayuwarsa. Da ciwo ya tsananta a 1955, ya kira 'ya'yansa tare da mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli. Ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata & Sons ya rushe, su guji rigima da sauran attajiran Kano, su kula da dangi, musamman marasa ƙarfi. Mu lura cewa bai keɓe wannan zama ga 'ya'yan cikinsa kaɗai ba, ya zaunar da ma'aikacinsa a wurin. Allah Ya karɓi ransa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari a Kano, a lokacin ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. 'Ya'yansa irin su Sanusi da Aminu suka ci gaba da harkar, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

To mu fa? Ba sai mun mallaki raƙuma 20 ba kafin mu gyara. Wanda ya ɗauki yaro ya faɗa masa tun ranar farko nawa ne albashinsa da ranar biyansa, ya kuma cika. Duk bashi da jarin da aka bayar a rubuta shi da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, ta koyar. A ba ma'aikaci lokacin salla da na hutawa. Idan ya yi kuskure a ja shi gefe, kada a ci masa mutunci gaban masu sayayya. Wanda ya yi shekaru yana hidima a sallame shi da abin da zai kama sana'a. Ku kuma ɗalibai da matasa masu tsaron shago, ku sani sefa ɗaya da aka ba ku ajiya amana ce da za a tambaye ku a kanta, ko maigida ya ƙirga ko bai ƙirga ba.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani. Amin.